Gato mai siffa a zafin Garwa: wa ta taɓa yi bai zube ba?

Maman_Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ina da damuwa, amma don Allah kada a yi min dariya. Ranar Asabar na yi wa ɗan ƙanena gato (kek) mai siffar mota, ya cika shekara biyar. Jenuwaz biyu na gasa a mul (kwanon gashi) mai kusurwa huɗu, na ɗora ɗaya kan ɗaya, na sa wuƙa zan fitar da gaban motar. Tun daga nan abu ya fara lalacewa. Duk inda wuƙa ta bi sai gaton ya biyo ta, ɓarɓashi ko'ina. Na daure na shafa kirem ɗin bota, ɓarɓashin ya cakuɗe da shi kamar an watsa yashi a fenti. Kafin la'asar rufin motar ya zame gefe guda, tayoyin biskit suka kwanta. Da yaron ya gani sai ya ce, "Goggo, hatsari ta yi?"

To ga inda matsalar take. Wata maƙwabciyata za ta aurar da 'yarta a watan Afrilu, tana son gato mai siffar ƙwarya da faifai da ludayi ranar kamu, kuma na riga na karɓi rabin kuɗi tun kafin wannan motar ta kunyata ni. Ni dai na fara yarda cewa wannan aiki ba na garinmu ba ne, na masu sanyi ne da wutar da ba ta ɗaukewa. Akwai wadda ta taɓa yi a Garwa cikin bazara ya tsaya da ƙafarsa?

Dije237:
Wallahi na yi ƙoƙarin riƙe dariyar, "hatsari ta yi" ɗin nan ne ya kayar da ni. Yi haƙuri Maman Walid. Kowa ya ci ladan kuturu dai kin san sauran.

Hajiya_Domayo:
Wa alaikumus salam. 'Yata, zafi bai ci motarki ba tukuna, ke kika kashe ta tun a kwaɓi. Jenuwaz kumfar ƙwai ce kawai aka gasa, ba ta da ƙashi. Tana da daɗi a gaton da za a jiƙa da siro (ruwan sukari) a ci da cokali, amma ba a sassaƙa ta. Abin da ake sassaƙawa shi ne katir-kar, wanda komai nasa nauyi ɗaya ne. Ki auna ƙwanki a sikeli, in huɗu sun ba ki giram 220, to fulawa 220, sukari 220, bota 220. Bakin hoda, wato hodar da ke sa gato ya tashi, kaɗan, ƙaramin cokali ɗaya ya isa, don in ya yi yawa gaton zai yi ramuka ya koma abin da kike gudu.

Na biyu, kuma wannan ne mutane ba sa ji: ba a yanka gaton da aka gasa yau. Ki gasa yau, ya huce sarai, ki naɗe shi da leda ya kwana. Gobe kafin ki taɓa shi ki sa shi a firigo awa biyu, ko a kwanjelata (firiza) kamar minti arba'in, ya yi tauri amma kada ya zama dutse. Wuƙar burodi mai haƙora za ki ɗauka, ki riƙa ja da baya kamar mai zarto, kada ki danna. Kuma kaɗan-kaɗan ake cira, kamar mai feraye rogo. Abin da kika yanke ba ya komawa.

Ni a Marwa nake, zafinmu bai fi naku sauƙi ba, kuma na fi shekara goma ina yi. Na yi jakar hannu, na yi akwatin lefe, na yi ƙwallo. Don haka maganar ba aikin garinmu ba ne, ban karɓa ba.

Maman_Walid:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Gaskiya da zafinsa na yanka, ko awa biyu bai yi da fitowa daga fur (oben) ba. Ɓarɓashin nan da ke shiga kirem fa?

Hajiya_Domayo:
Shafi biyu ake yi. Na farko siriri ƙwarai, har kina hango gaton ta ciki, aikinsa kawai ya kama ɓarɓashi ya manne shi. Ki ɗebi kirem ɗin shafin farko a kwano daban, kada ki mayar da wuƙa mai ɓarɓashi cikin babban kwano. Ki mayar firigo minti ashirin zuwa talatin, in kin taɓa da yatsa bai biyo ki ba, sai ki yi na biyu mai kauri. Kamar yaɓen ɗaki ne, ai ba a yin na ƙarshe a kan ɗanyen na farko.

Adda_Baladji:
Ni ban gane wannan tsoron bota da ake yi ba. Man shanu nake saya wurin matan Fulani a nan Gaundare, ɗanye, in wanke shi da ruwan sanyi sau uku ko huɗu har tsamin nono ya fita, in matse ruwan, in buga da sukur gilas (garin sukari mai laushi). Ɗanɗanonsa babu na kanti da ya kama ƙafarsa. Gatona yana wuni a falo ba abin da ke samunsa.

Dije237:
Adda, da girmanki, ke da kike kan tudu kina kwana da bargo a watan da mu muke kwana a tsakar gida? Kawo gaton naki Rumde Ajiya ƙarfe biyu na rana mu ga ko zai kai sallar la'asar.

Dalibi_Dang:
Gaskiyar Dije ce, Adda. Gaundare ta haura mita 1,000 a kan tudu, Garwa kuwa tana cikin kwarin Binuwai. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35, Garwa a Maris da Afrilu tana wuce 40 da rana. Wato ko a inuwa aka ajiye, kirem ɗin bota zalla ya riga ya sha kashi. Ba laifin hannun kowa ba ne.

Adda_Baladji:
To na ji, ɗan makaranta. Amma ni dai ba zan ci margarin da sunan kirem ba. Wannan maiƙon da ke manne wa mutum a ganɗa har sai ya sha shayi mai zafi, Allah ya kiyaye.

'YarMubi:
Sannunku. Ni daga Mubi aka kawo ni aure Garwa, sai da na yi wata shida kafin na gane gato shi ne kek, pat a sukur shi ne fondan (ƙullun sukari da ake lulluɓe kek da shi), fur kuma oben. Maganar margarin, abin da ya sa yake manne wa a baki shi ne dai abin da ya sa yake jure rana, wato bai narkewa da wuri. Ba za ki samu duka biyun ba. Ni rabi da rabi nake yi, margarin mai tauri irin na masu burodi da bota, sai sukari ninki biyu na nauyin man, da ɗan gishiri da ruwan lemun tsami don ya kashe zaƙin. In biki na rana ne a waje sai in ƙara margarin in rage bota. Na ciki tsakanin gato da gato kuwa siriri nake sawa. Maman Walid, ina zargin kin cika kirem a tsakiya, shi ya sa rufin motar ya sulale. Kirem mai kauri a tsakiya in ya ji zafi santsi yake zama.

Maman_Walid:
Kamar kina wurin. Kusan kaurin yatsa na zuba, wai don ya yi daɗi.

Ummu_Ridina:
Gaisuwa daga Njamena. Duk kuna ta faɗa a kan bota da margarin, ni na bar su tuntuni a wajen gato mai siffa. Ganash nake yi. Shokola baƙa kashi uku, kirem ko madarar gwangwani marar sukari kashi ɗaya, da awo na sikeli ba na ido ba. A littafi biyu da ɗaya ake cewa, amma wannan na masu sanyi ne, mu nan sai uku. In fara ce shokolar, huɗu da ɗaya. Ki ɗumama madarar har ta fara ƙananan kumfa a gefe, ki zuba kan shokolar da kika daddatsa, ki bar ta minti biyu kada ki taɓa, sannan ki juya daga tsakiya. Ta kwana a rufe. Da safe za ki same ta kamar tunkuza mai laushi, haka ake so. In kin shafa ta bushe, tana zama kamar ɓawon ƙwai a jikin gaton, ta riƙe siffar gam. Kusurwar akwati ko bakin ƙwarya, babu abin da ke fitar da su kamar ita.

Zafinmu kun san shi, ba sai na faɗa ba. Na taɓa kai gato mai siffar jaka daga unguwar Ridina zuwa unguwar Farsha da azahar, ba abin da ya motsa.

Amaryar_Yelwa:
Anti Ummu, wace irin shokola? Irin ta yara da ake sayarwa a shago, ko ta shafa wa burodi?

Ummu_Ridina:
Ban da ta shafa wa burodi, mai ne ya yi mata yawa, ba za ta taɓa daskarewa ba. Ta sanda mai tauri, baƙa. Akwai kuma wadda masu kayan gato ke sayarwa da kilo, wadda aka yi da man itace maimakon man koko. Ba ta kai ta gaske daɗi ba, amma ta fi jure zafi, kuma ta fi araha. Ku da ake noman koko a ƙasarku har ku tambaye ni shokola?

Dije237:
Kokon yana kudu Anti, mu auduga aka bar mana.

MaiBurodi_Kuseri:
Salamu alaikum iyayena mata, a yi min izini in sa baki. Ni burodi ne sana'ata amma ina karɓar gaton biki. Abin da ban ji kowa ta ambata ba shi ne ginshiƙi. Gato in ya wuce tsawon santimita goma, nauyin na sama yana danne na ƙasa, ko da wane irin kirem aka shafa. Sai an raba. Ki yanka kwali mai kauri daidai faɗin na sama, ki naɗe shi da takardar alminiyom, ki soka sanduna huɗu ko biyar cikin na ƙasa, ki yanke su daidai da saman gaton, sannan ki ɗora kwalin a kansu. Wato na sama a kan sanduna yake zaune, ba a kan ɗan'uwansa ba. Tsinken tsire mai kauri yana yi in an wanke an goge, ko bututun shan lemo mai faɗi. Sannan tsinke guda dogo mai tsini daga sama har ƙasa, ya huda kwalin ya kama katakon da ke ƙasa.

Ban koyi wannan a banza ba. Shekarun baya na ɗauki gato hawa uku mai siffar akwatunan lefe, zan tsallaka da shi Njamena. Na hau bayan mashin na rungume kwali. A gadar Ngeli aka tsayar da mu cikin layi, rana tana dukan kwalin kusan awa ɗaya, da aka sake mu kuma ɗan mashin ya faɗa wani rami. Da na buɗe a gidan biki, akwatin sama ya shige cikin na tsakiya har rabi. Uwar amarya ba ta ce min komai ba, kallona kawai ta yi, wallahi da ta zage ni ya fi min sauƙi. Tun daga ranar, hawa-hawa nake kaiwa daban, in haɗa a can.

Hajiya_Domayo:
Malam mai burodi ya faɗi gaskiya. Kuma katakon ƙasa kada ya zama mai lanƙwasa. In ya lanƙwashe lokacin ɗauka, ganash ɗin Ummu ma tsagewa zai yi.

Inna_Lopere:
Ni fa ina karanta ku ina mamaki. Tsinke, kwali, katako, zarto. Abinci ake yi ko kafinta? A zamaninmu gara ake kaiwa, alkaki da nakiya da dubulan da cincin, su yi wata a ɗaki ba su san firigo ba. Yanzu an ɗauko abin da sai an yi masa fifita kamar jariri. In ƙwarya take so, ƙwarya ta ƙare a kasuwa ne? A sayo ta gaske a cika ta da alkaki mana.

Amaryar_Yelwa:
Inna, hoto ake so. Amarya ta tsaya da wuƙa a ɗauka a sa a WhatsApp. Alkakin ma ana yi, ba a daina ba.

Inna_Lopere:
To Allah ya ba da sa'a. Ni dai a ajiye min alkakin.

Maman_Walid:
Inna kin sa ni dariya ina cikin damuwa. Mu koma kan ƙwaryar don Allah. Duk shawarwarin nan firigo, firigo. Unguwarmu a bazara wuta tana iya tafiya tun safe sai dare. In ta tafi ranar fa?

Dalibi_Dang:
Lokacin ne kuma ruwan madatsar Lagdo yake ja da baya, wutar arewa kuwa da shi ta dogara sosai. Don haka ki shirya kamar babu ita, in ta zo riba ce.

'YarMubi:
Ƙanƙara da kula. Ki sayi manyan sandunan ƙanƙara biyu tun daren jiya, ki naɗe su da leda biyu-biyu da tsumma, ki jera a gefen babbar kula, gato a tsakiya a kan kifaffen faranti don kada ruwa ya taɓa shi. Yana yin aikin firigo na awanni. Sannan ki sauya lokacin aiki. Ni gaton bazara bayan isha nake fara sassaƙa, shafin ƙarshe kuma kafin asuba, lokacin da gari ya ɗan sarara. Da rana ko hannunki kaɗai ya isa ya narkar da kirem a cikin leda.

Dalibi_Dang:
Akwai kuma tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa ta. A busasshen yanayi irin namu tana sanyaya kaya sosai.

Hajiya_Domayo:
Ta tumatir da alayyafo ce wannan, ɗana. Sanyinta da laima yake zuwa. Gato tsirara a cikin leda zai iya zama a ciki, amma in an riga an rufe shi da pat a sukur, laima ce babbar maƙiyarsa. Zai yi naso ya fara ɗigar da kala.

Tunda an zo nan bari in yi maganar pat a sukur ɗin. Yanayi uku ne a wurinmu, ba ɗaya ba. Da hunturu, Disamba da Janairu, kina murzawa tana bushewa, kafin ki ɗora ta tsattsage kamar diddigen da bai ga mai ba. A lokacin ki shafa ɗan margarin a hannu da tebur maimakon Maizena (garin sitacin masara), ki rufe duk abin da ba ki aiki da shi, ki yi sauri. Da damina, Agusta musamman, akasin haka ne, tana shan laimar iska ta yi danƙo, sai Maizena da fanka. Da bazara kuma ita kanta lafiyarta ƙalau, abin da ke ƙarƙashinta ne ke narkewa ya kumbura ta, shi ya sa ganash ta fi a ƙasa. Kaurinta milimita uku zuwa huɗu. In kin fito da gato daga sanyi kika ga ya yi gumi, kada ki taɓa, ko da yatsa ɗaya. Ki sa shi gaban fanka, zai bushe da kansa. Wanda ya fi ma, ki sa shi firigo a cikin kwali rufaffe, ki fito da shi a cikin kwalin ya huce a hankali, gumin sai ya kwanta a kan kwali.

Amaryar_Yelwa:
Ni na ga ana narkar da mashmalo a zuba sukur gilas ya zama pat a sukur. Na gwada ya yi kyau, kuma ya fi na bokiti daɗi.

Ummu_Ridina:
Ki riƙa karanta bayan ledar, amarya. Mashmalo da jelatin ake yin sa, kuma da yawa daga wanda ake kawowa daga Turai na alade ne. In an rubuta na alade ki ajiye, in ba a faɗi na mene ne ba ma ni ajiyewa nake. Ki nemi mai tambarin halal ko wanda aka ce na saniya ne ko na kifi. Haka jelatin ɗin gari da ake sayarwa a ƙulle ba suna, ban saya.

Amaryar_Yelwa:
Innalillahi. Ban taɓa dubawa ba. Bari in je in ga ledar, ina jin ban yar ba.

Ummu_Ridina:
Kada ki tayar da hankalinki, rashin sani ne. Wani abu kuma, don ludayin da Maman Walid za ta yi. Ana sa garin CMC a pat a sukur don ta bushe ta yi ƙarfi. In babu, ni ƙaro nake dakawa, mai haske tas, in tankaɗe da rariyar laushi, in murza kaɗan a ciki. Ƙasarmu na cikin manyan masu fitar da ƙaro a duniya, ana loda shi zuwa Faransa a sa a alewa a dawo mana da ita da tsada. Bai kai CMC ja ba, amma ƙananan abubuwa yana riƙe su, kuma in an jiƙa shi da ruwa ya zama gam na manna ado. Ludayin ki yi shi kwana huɗu kafin biki, ki kifa shi a bayan ludayi na gaske da kika barbaɗa wa Maizena, ya bushe a kai.

Abban_Sabongari:
Assalamu alaikum. Matata ce ke cikin wannan zaure, da wayarta nake gani, na ce bari in yi tambaya da nawa sunan. An kawo mata aikin gato mai siffar rago na suna, da kai da ƙaho da ido. Na ce ta dakata. Mota da ƙwarya da jaka ba matsala, amma mai rai fa?

Dije237:
Abin da za a cinye kafin magariba? Ai ba ajiye shi za a yi ana kallo ba.

Abban_Sabongari:
Na san da wannan, kuma abin da na karanta a fiƙihun Malikiyya shi ne an yi saɓani a kan surar da aka yi da abin da ba ya daɗewa, irin ƙullu. Amma mai cikakkiyar siffa mai inuwa, an fi tsananta a kanta. Ni ba mai fatawa ba ne, shi ya sa na tambaya ko wata ta taɓa kai maganar gaban malami.

Hajiya_Domayo:
Ni ban kai ba, na dai hutar da kaina, ba na karɓar mai rai. In an matsa sai in yi shimfiɗaɗɗen gato in zana a kai. Ban ce wadda ta yi ta yi laifi ba. Abin da na ƙi gaba ɗaya shi ne allo da aya a rubuce na saukar karatu, don na ga yadda yara ke zubar da gato a ƙasa a tattake. Allon nake yi, in rubuta sunan yaro da barka kawai.

MaiBurodi_Kuseri:
Ko ba don hukunci ba, rago wahala ne. Ƙafafu huɗu sirara ba sa ɗaukar gato, sai an yi ƙarfe. Wanda na gani an yi, a kwance yake, kuma ya fi kama da kare.

Maman_Walid:
Jama'a an bar ni da ƙwaryata a hannu! Tambayata ta ƙarshe, yaya zan sassaƙa ta ta fito zagaye? Ni da mota mai kusurwa ta gagara.

'YarMubi:
Wa ya ce ki sassaƙa? Ki gasa a cikin kwanon silba mai zurfi, irin na cin tuwo, ya fito da siffarsa. Ki shafe shi da mai da fulawa sosai. Matsalarsa ɗaya, tsakiya ba ta nuna da wuri, gefe ya ƙone. Ki rage wuta zuwa 160, ki ba shi lokaci, zai iya wuce awa ɗaya. In da tukunyar yashi kike gashi, gawayin sama ya fi na ƙasa yawa, kuma kada ki riƙa buɗewa. Ko ki raba biyu: gindin a kwano, saman a mul zagaye mai faɗin bakin kwanon, ki haɗa. Gyaran wuƙa kaɗan ne zai rage.

MaiBurodi_Kuseri:
Sai dai ƙwarya a zaune gindinta ƙarami ne, samanta faɗi. Nauyi duk yana sama. Ki yanke gindin ya zauna daram, faɗin tafin hannu biyu aƙalla, ki yi mata gammo. Ɓarɓashin da kika yanke ki murza shi da ganash ya zama kamar yumɓu, ki naɗa gammon da shi ya tallafe ta. Kwali da tsinke a tsakiya kamar yadda na faɗa a sama.

Adda_Baladji:
Ko kuma ki kifa ta kawai. Faɗin a ƙasa, ba gammo ba tsinke, ba abin da zai faɗi. Ki jingina faifai a gefe, ki ɗora ludayi. In an tambaya ki ce ta kiɗan ƙwarya ce, ai biki ne. Kuma a kife ne zanen bayanta zai fito, ki dama garin koko da ɗan ruwa ki zana da siririn burushi irin ƙunar da ake yi wa ƙoren Fulani. Kalar jikin, rawaya kaɗan da ɗigon koko a cikin farar pat a sukur, kada ki murza ta haɗe duka, ki bar ɗan bambanci, ƙwarya ta gaske ma ba kala ɗaya ba ce.

Dije237:
Yau dai Adda ta rama. Wannan dabara ce.

Inna_Lopere:
Kifaffiyar ƙwarya ranar auren 'yar mutane? Ƙwaryar da ba komai a cikinta? Ni in ce uwar amarya ba zan karɓa ba. A buɗe ake son ta, cike da fura da nono.

Hajiya_Domayo:
Inna tana da magana. Ki tambayi mai aikin kafin ki yanke. In a buɗe take so, kada ki rarake cikin da zurfi, santimita biyu ya isa, ki bar baki mai kauri. Nonon ki yi da farar ganash, curin fura kuma da wannan yumɓun ɓarɓashin, ki mirgina a garin madara. Faifai kuwa, ni a wurinki na gaske zan saya ƙarami sabo in jingina. Na taɓa murza igiyoyin pat a sukur kala uku ina naɗawa, har da ja na folere da ya koma min shuɗi-shuɗi, na kwana a kai, aka cire shi aka ajiye gefe ba wanda ya ci.

Ummu_Ridina:
A nan ban bi ki ba Hajiya. In an biya kuɗin gato mai siffa, komai na kai ya zama na ci. Ranar da yaro ya ciji ludayi ya ji sukari, ranar ake neman lambarki.

Hajiya_Domayo:
In sun biya kuɗin kwanan da za a yi a kai, bismilla. Maman Walid, nawa kika ce musu?

Maman_Walid:
Sefa dubu goma sha biyar, mutum kamar arba'in.

'YarMubi:
Kai! Ki zauna ki lissafa ƙwai da bota da shokola da ƙanƙara da gas, ki gani ko ba sadaka za ki yi ba. Faifai na gaske, kada ma ki yi dogon tunani.

Maman_Walid:
Na dawo da labari. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka jiya na gwada ƙarama da ƙwai huɗu. Katir-kar a kwanon silba, ya kwana, na sa a kula da ƙanƙara don da gangan na ƙi amfani da firigo. Wallahi wuƙa ta bi shi sumul, ɓarɓashin bai cika cokali uku ba. Ganash ta kama, sai dai ta yi min tauri da asuba har sai da na ɗora kwanon kan ruwan ɗumi. Na bar ta a falo tun ƙarfe goma. Zuwa ƙarfe uku siffar tana nan, amma wani kumburi ya fito a gefe ɗaya ƙarƙashin pat a sukur, kamar ƙurji, kuma bakin ƙwaryar ya ɗan tsage inda na ɗaga ta. Na tambayi uwar amarya, ta ce a buɗe take so, Inna ta ci gari. Kuma ta ƙara da cewa a rubuta sunan ango da amarya a jikin ludayi.

Ummu_Ridina:
Kumburin iska ce ta maƙale, gato mai sanyi in ya ɗumama yana fitar da ita. Allura mai tsabta ki soka ta gefe, ki lallaɓa da yatsa. Gaba ki huda ƙaramin rami a saman tun farko, inda fura za ta rufe.

Adda_Baladji:
Yanzu ma Fabrairu ne fa. Afrilu daban.

Amaryar_Yelwa:
Na samo ledar mashmalon. Da wani yare aka rubuta, ba Faransanci ba ne ba Turanci ba. Bari in ɗauki hoto in turo, ko akwai mai iya karantawa.